Gane Ciyawa Kafin Feshi

Birnin Njamena, hedkwatar ƙasar Chadi, yana mahaɗar kogin Shari da kogin Logon. A bakin waɗannan koguna akwai lambunan mangwaro da gwaiba da lemo. Damina a nan gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, saboda haka da rani sai an yi ban-ruwa. To, ruwan da ake ba itace shi ne kuma yake raya ciyawa, musamman aya-aya da kiri-kiri. Aya-aya tana da 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, ko an sare ta da fartanya sai ta sake tofowa. Idan dashe yana ƙarami, ciyawa takan ƙwace masa ruwa da taki har ya tsumbure.

Mai lambu yakan goya famfon feshi ya bi fili duka da magani. Wannan yana cin kuɗi, iska tana kai maganin kan ganyen dashe ya ƙone, wani kuma ruwa ya wanke shi zuwa kogi.

Sabuwar dabarar ita ce a gano inda ciyawa take, a fesa mata ita kaɗai. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske, amma yana mayar da wani haske wanda idon mutum ba ya gani. Busasshiyar ƙasa ba ta yin haka. Na'urar WeedSeeker, wadda aka ƙera a Amurka, da wannan bambanci take aiki. Ana ɗaura ta a jikin tarakta tana haska ƙasa tsakanin itatuwa. In ta ga kore sai bakin feshi ya buɗe, in ta wuce ya rufe. A 2017 kamfanin John Deere ya sayi kamfanin Blue River, mai haɗa kyamara da kwamfuta don rarrabe shuka da ciyawa ta siffar ganye.

Waɗannan injuna sun fi ƙarfin aljihun ƙaramin manomi, amma hikimar ba ta fi ƙarfinsa ba. Zai iya zagaya lambu ya kafa alama inda aya-aya ta yi kaka-gida, ya yi magani a nan kawai. Zai iya shimfiɗa tiyo mai ɗiga ruwa a gindin itace, sauran fili ya bushe, ciyawa ta rasa abin sha. Ya kuma rufe gindin da busasshen haki don tare mata rana. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.