Abubuwan Ban Mamaki: Yadda Ake Leƙen Ƙarfe Yana Haɗiye Haske

A tsaga daƙiƙa ɗaya gida biliyan, a ɗauki kashi guda a sake tsaga shi gida miliyan. Abin da ya fito shi ake kira femtosakan. Matsayinsa a cikin daƙiƙa daidai yake da matsayin daƙiƙa a cikin shekara kusan miliyan 32. Haske, duk gudunsa, ba ya ƙetare ko kaurin silin gashi a wannan ɗan lokaci.

Ɗan Masar ne ya buɗe fagen leƙen abin da ke faruwa cikin femtosakan, Ahmed Zewail, wanda ya ci kyautar Nobel a 1999 saboda kallon haɗuwa da rabuwar sinadarai da hasken leza. Na bayansa suka ƙara da eksire, irin na hoton ƙashi a asibiti. Kowane ƙarfe yana da zangon eksiren da yake sha, don haka ana iya saita hasken a kan ƙwayar zarrar ƙarfen kaɗai, a ƙyale ruwan da ke kewaye da ita.

Walƙiya biyu ake harbawa. Ta leza ta tayar da sinadarin, ta eksire ta biyo baya ta duba halin da yake ciki. Ƙarfin ta biyun kan lalata abin da ta taɓa, shi ya sa ake tsarto sinadarin cikin siririn ruwa mai gudu, kowace walƙiya ta tarar da sabo.

Su kuwa injinan da ke samar da walƙiyar eksiren, ƙatta ne. Na farko mai irin wannan ƙarfi ya fara aiki a Kalifoniya ta Amurka a 2009. Na Hambug a Jamus, da aka buɗe a 2017, tsawonsa kilomita 3.4, yana walƙiya sau 27,000 a daƙiƙa, ana kuma sanyaya cikinsa zuwa digiri 271 ƙasa da sifili. Abin da ke ci mini rai, har yau Afirka ba ta da babbar cibiyar hasken eksire ko ɗaya.

To me ake nema da wannan wahala? Labarin baƙin ƙarfe da rutiniyam ya isa amsa. Idan aka kewaye ƙwayar zarrar rutiniyam da sinadarin baifiridin guda uku, ta sha haske, takan riƙe ƙarfinsa kimanin nanosakan 600 (nanosakan shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa) a cikin ruwa, wanda ya ishe ta miƙa ilektiron don samar da lantarki. Shi ya sa rinin rutiniyam ya shiga faifan sola da masana Grätzel da O'Regan suka fitar a 1991. Sai dai kimanin tan 30 na rutiniyam kawai ake samu a shekara, galibi daga Afirka ta Kudu. Baƙin ƙarfe kuwa ga shi ko'ina, kuma danginsu ɗaya a jadawalin sinadarai, amma shi, idan aka kewaye shi da baifiridin haka, cikin kusan femtosakan 100 yake sakin abin da ya kama.

A 2009 tawagar Majed Chergui a Suwizalan ta ga abin da ke faruwa. Ilektironin ƙarfen suna sauya zama cikin femtosakan 150, tazarar da ke tsakaninsa da ƙwayoyin naitirojin shida da ke riƙe da shi ta ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100, daga nan ƙarfin hasken ya zama zafi ya ɓace. A 2014 tawagar Kelly Gaffney ta gano wani zango da ilektironin ke ya da shi a tsakani.

Ganin hanyar shi ya ba da dabarar toshe ta, kuma a ganina nan ne aikin ya biya kuɗinsa. Masana a Jami'ar Lund ta Suwidin suka ɗaure baƙin ƙarfen da sinadarin kabin mai riƙo gam. Haɗin da suka bayyana a 2019 ya riƙe haske nanosakan 2, wato ninki dubu 20 na femtosakan 100 ɗin da baƙin ƙarfen ke yi a da, har yana fitar da hasken ruwan lemo da ido ke iya gani.