A Dubi Mazaunin Makaranta Tun Damina Ba Ta Faɗi Ba

Ya ku malamai da attajirai, ku sani a ran 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya malalo cikin birnin Maiduguri da dare. Aka rufe makarantu. Waɗansu ruwa ya ci su, waɗansu kuwa da ke kan tudu suka zama mafakar jama'a. Abin lura shi ne, madatsar nan ta taɓa yin haka a 1994. Shekara 30 ke nan tsakani, watau abin da ya isa mutane su manta, su yi gini a kan hanyar ruwa.

Makarantar gwamnati amana ce iri biyu: 'ya'yan talakawa suna cikinta da rana, in kuma masifa ta auku nan gari ke gudu. Kadan ita ma a kwari take, ina za a nufa?

To, yaya ake gane hatsarin? Da farko a tambayi tsofaffin unguwa iyakar inda ruwa ya taɓa kai, gama sun fi takarda riƙe wannan. Sa'an nan a dubi ƙasar kanta. Inda laka ke darewa da rani, ko kacala ta tsiro, ko aka cike kududdufi da shara aka yanka filaye, wannan gidan ruwa ne ko da shekara goma bai leƙo ba. Sau da yawa irinsa ake ba makaranta, don shi ne filin da ba mai so. Tun ran gini, tun ran zane.

Ginin da ya riga ya tsaya kuwa, bangonsa shaida ne. A nemi zanen da ruwa ya bari, a gwada shi da tsayin daɓen aji. In zanen ya fi daɓe bisa, magana ta ƙare. A tona gefen harsashi a ga ko ruwa ya rarake shi. A bi lambatu da kwalbati har inda suke zubarwa, gama kwalbatin da ya toshe yakan mai da hanyar mota madatsa. Kada a manta da masai da rijiya: in ambaliya ta haɗa su, kwalara ke biyo baya. Daga nan a tambaya, ta ina yaro ɗan shekara shida zai fita in ruwa ya kai gwiwar babba?

Hukumar NIHSA takan fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina, har da sunayen ƙananan hukumomin da ake ji wa tsoro. Amma takardar ba ta san makarantar unguwarku ba. Wannan sai mai unguwa da hedimasta da liman su taka da ƙafarsu, su rubuta abin da suka gani, su kai wa hukumar ilimi tun rani.

Wani zai ce ai ƙaddara ce. Haƙiƙa, amma riƙon sababi ba ya warware tawakkali. Mu ma masu allo kada mu cire kanmu: almajiranmu a zaure suke kwana, a ƙasa, ruwan Alau kuwa da dare ya zo. Attajirin da ya yi niyyar waƙafin fili, ya ba da tudu.