Yadda muke koya wa yara tsara 'yar tsanar hannu da guntayen ƙyalle



Tun da muka fara zama da yaran unguwa ranar Asabar a nan Kumasi, mutane suna ta tare ni da tambaya, wasu daga Aboabo, wasu daga Sawaba, har da wata 'yar uwa daga Nima da ta ga hotunan a WhatsApp. Tambayar ɗaya ce: yaya muke yin 'yan tsanar nan da yara ke zura hannu a ciki suna sa su magana? Na ga gara in rubuta a nan, domin duk ƙungiyar matasa ko malamin makaranta da ke so ya gwada ya samu abin dubawa.

Abin da nake nufi shi ne 'yar tsana ta ƙyalle wadda cikinta fanko ne kamar safar hannu. Yaro zai sa hannunsa ta ƙasa, yatsunsa uku na tsakiya su shiga kai, babban yatsa da ƙaramin yatsa su zama hannuwanta. Iyayenmu da suka kalli talabijin ɗin GBC a da za su tuna shirin Koliko, kuma har yau da wannan suna mutane da yawa ke kiran irin waɗannan 'yan tsana a Ghana. A ƙasar Hausa ma akwai tsohon wasan dabo-dabo, inda mai wasa ke ɓuya ya ɗaga 'yan tsana yana yi musu murya. Saboda haka ba baƙon abu muka kawo zango ba.

Sai dai ba ɗinkin ne na fi so in yi bayani a kai ba. Zango cike yake da teloli, kowanne ya fi ni sanin allura. Abin da ya fi wuya, kuma ya fi amfani ga yaro, shi ne aikin da ake yi kafin almakashi ya taɓa ƙyalle.

Mu ma da kuskure muka gane haka. Ranar farko wani tela ya ba mu buhu guda na guntayen da suka rage masa bayan ɗinkin Sallah, mu kuwa don murna muka zazzage shi a tabarma, muka raba almakashi, muka ce kowa ya yi abin da yake so. Kafin a kira la'asar babu ƙyalle ɗaya mai girman kirki da ya rage. Wani yaro ya gama nasa tsaf, amma yatsu biyu kawai suka shiga. Wata yarinya ta yanka gaba da baya, ɗaya ya fi ɗaya girma, suka ƙi haɗuwa, ta zauna tana kuka. Laifin namu ne, ba nasu ba. Tun daga ranar muka sa doka: Asabar ta farko babu ƙyalle, babu almakashi. Takarda da fensir kawai.

Da tambaya muke farawa. Wane ne wannan da za ka yi? Me sunansa? Tsoho ne ko yaro? Mai faɗa ne, mai tsoro ne, ko mai wayo? Da wace irin murya yake magana? Yaro ɗan shekara biyar ko shida ba zai iya rubuta amsa ba, sai ya faɗa da baki, babba ya rubuta masa a bayan takardarsa. Wasu sukan zaɓi Gizo ko Ƙoƙi ko kura daga tatsuniya. Amma yawanci abin da suke gani kullum suke ɗauka: mai sayar da waakye, mai koko da ƙosai, yaron mota mai kiran fasinja, kaka mai neman tabarau alhali yana goshinta. Kada a raina wannan mataki. Yaron da ya san cewa kurarsa mai haɗama ce, shi da kansa zai ce bakinta ya zama babba. Wanda bai san ko wa yake yi ba, duk abin da na kusa da shi ya zana shi zai kwafa.

A nan muna da sharaɗi ɗaya da ba ma sassautawa. Ba a yin 'yar tsanar wani mutum na unguwa da kowa ya sani, ba a kwaikwayon mai naƙasa, ba a yi wa wata ƙabila dariya. Zango gidan kowa ne, akwai Hausawa, Mosawa, Dagombawa, Zabarmawa, Kotokoli, Fulani, Wangarawa, Yarabawa da sauransu, kuma abin da yaro ya faɗa da bakin 'yar tsana yau, gobe uwarsa ce za ta amsa shi a bakin famfo.

Bayan haka sai zane. Kowane yaro ya zana abinsa sau biyu, gaba da baya. Kusan dukkansu sukan manta da bayan, sai an tambaye su: idan ta juya, me za mu gani? Ɗankwali? Wutsiya? Sannan ya sa launi, ya nuna da kibiya abin da zai yi amfani da shi a kowane wuri, misali ido maɓalli, gashi zaren ulu, riga atamfa. Zanen ba sai ya yi kyau ba. Ina roƙon yayye da iyaye, don Allah kada ku karɓi fensirin ku gyara masa. Idan ya zana kunne ɗaya ya fi ɗaya, ku tambaye shi ko da gangan ne. Sau da yawa za ku ji dalilin da ba ku zata ba. Wani yaro ya ce mana jakinsa ya saba sauraren gulma da wannan kunnen, shi ya sa ya yi tsawo.

Sai awon hannu, wanda shi ne zuciyar aikin. Yaro ya ɗora hannunsa a kan takarda, yatsu uku na tsakiya a haɗe, babban yatsa da ƙarami a buɗe, ɗan uwansa ya bi gefen hannun da fensir har ya wuce wuyan hannu da kamar inci uku. Wannan layi na farko ba shi ake yankawa ba, kuma a nan ne kowa yake faɗawa rami. Hannu yana da kauri, takarda ba ta da shi, kuma ɗinki ma zai ci nasa wuri. Don haka a sake zana layi na biyu a wajen na farko, da tazarar inci ɗaya ko ɗan fiye, ko'ina. Yaran da ba su san inci ba muna ce musu faɗin yatsu biyu. A wajen kai a zagaye layin ya yi kamar ƙwai. A ƙasa kuma a buɗa shi sosai, domin wurin da tafin hannu ya fi faɗi sai ya wuce ta nan kafin ya isa ciki.

Kafin mu yarda da awon, sai an gwada. A ninka tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti biyu, a yanka siffar, a manne gefe da gam, a bar ƙasa a buɗe, yaro ya zura hannu ya motsa yatsu. Idan ta yage ko ta matse, a faɗaɗa a sake. Takarda ba ta da tsada, kuma yaron ya ga da idonsa dalilin da ya sa ake gwaji. Wadda ta yi daidai sai a kwafe ta a kwali, a rubuta sunan mai ita, ita ce za a ɗora kan ƙyalle a bi da alli.

Sai a Asabar ta biyu buhu ke fitowa, kuma ba a zazzage shi. Yaro zai zo da takardarsa ya faɗi abin da yake bukata: manyan guntaye biyu na jiki, ƙarami ɗaya na ɗankwali, maɓalli biyu. Muna barinsu su taɓa, su ja, su murza kafin su zaɓa. Atamfa da shadda suna tsayawa da kyau amma bakinsu yana warwarewa, sai an bar musu rara. Tsohuwar riga mai talewa ba ta warwarewa kuma tana yafe kuskuren awo, amma ba ta tsayawa, kai yakan langaɓe sai an cusa ɗan auduga. Leshi yana da kyau a ido, amma ana hango hannu ta ciki, gara a bar shi don ado. Idan jiki mai zane ne da yawa, fuska ta zama ƙyalle marar zane, in ba haka ba ido da baki za su ɓace a cikin furanni.

Batun fuska ne ya kawo mu ga maganar da na san wasu iyayenmu suna riƙe da ita a zuci. Wani dattijo da muke girmamawa ya kira ni gefe bayan sallar Juma'a ya ce, "Ɗana, wannan abin da kuke sa yara yi, ba mutum-mutumi ba ne?" Na ce, "Baba, a ba ni lokaci in tambayi malamai." Tambayar tana kan hanya, kuma bai kamata matasa su amsa ta da ɗaga kafaɗa ba. Abin da aka nuna mana shi ne, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A ruwayar Abu Dawud an ambaci doki mai fukafukai biyu na ƙyalle a cikin kayan wasanta. Haka kuma Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin cewa sukan yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar azumin Ashura, don ya ɗauke musu hankali daga yunwa har lokacin buɗa-baki. Da waɗannan ne mafi yawan malamai suka keɓe kayan wasan yara daga hanin yin siffofi, ko da yake akwai waɗanda suka fi son kada a cika kamannin fuska. Mu ba masu fatawa ba ne. Abin da muka yi shi ne, duk gidan da bai natsu da fuska ba, yaronsu ya yi tasa babu ido babu hanci, ko ya zaɓi abin da ba shi da rai. Mun samu buta mai magana, mun samu tukunyar tuwo mai ƙorafin wuta, kuma wallahi su suka fi ba mutane dariya. Dattijon nan yanzu jikokinsa biyu suna zuwa.

Ga masu yin fuska, a haɗa ta a kan ƙyallen gaba tun yana shimfiɗe, kafin a haɗa gaba da baya. A bar yaro ya jera ido da baki ba tare da gam ba, ya matsa su sama da ƙasa ya ga yadda kamanni ke canzawa. Idanu a ƙasa-ƙasa suna sa ta zama kamar jariri, gira a karkace tana sa ta fushi. Sai ya ce ya gamsu sannan a manne ko a ɗinke.

Ɗinkin kansa gajere ne. A haɗa guntayen biyu, fuskokinsu masu kyau suna kallon juna, a bi gefe da allura ko keke, a bar ƙasa, a juyo ciki waje. 'Yan shekara takwas zuwa sama suna iya riƙe allura idan babba yana kusa, ƙananan kuwa gam ya ishe su, ko wata yaya mai koyon ɗinki ta bi musu da keke. Muna ƙirga allurai da fil kafin a fara da bayan an gama, domin a tabarmar nan ake zama. Idan akwai ɗan ƙasa da shekara uku a gidan da za a kai 'yar tsanar, kada a sa maɓalli ko duwatsun ado, a yi idon da ƙyalle, saboda yana iya cirewa ya haɗiye.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan abin wasa? Masu yara a firamare su duba littattafansu. Tun sabuwar manhajar da aka fara a 2019, darasin fasaha yana neman yaro ya yi tunani, ya tsara, ya ƙera, ya nuna, sannan ya duba abin da ya yi. Amma a aji mai cike da yara, malami ɗaya ba ya samun sukunin bin kowa ɗaya bayan ɗaya, kayan aiki ma ba kullum ake da su ba. Mu a zango kayan suna zube a ƙofar kowane shagon tela ana sharewa.

Akwai kuma abin da ban yi tsammani ba. Yaranmu da yawa Hausarsu ta cakuɗe da Turanci da yaren Tonawa, wasu ma kunyar yin ta suke a gaban mutane. Da muka ce kowace 'yar tsana ta yi magana da harshen gidansu, muka rataya zane tsakanin kujeru biyu suka ɓuya a baya, sai ga yarinyar da ba ta taɓa ɗaga murya ba tana zuba Hausa da muryar tsohuwa, har da karin maganar da ta ji a bakin kakarta. Wani kuma ya koma gida ya matsa wa kakarsa sai ta ƙarasa masa tatsuniyar Gizo da ta fara, don yana so ya san abin da zai sa Ƙoƙi ta faɗa.

Zama na gaba yana nan ranar Asabar da hantsi, muna tashi kafin azahar. Telolinmu maza da mata, don Allah a ajiye mana guntayen da suka kai tafin hannu biyu, kada a haɗa su da shara. Muna bukatar tsoffin jaridu, kwali da zaren ulu. Muna kuma neman iyaye mata biyu ko uku masu tatsuniya a baki, su zo su zauna da yaran a ranar takarda da fensir.