Yaran da Ake Ɗaurewa Ba a Kai Su Kotu Ba

Da safe mace ta raka 'ya'yanta biyu makaranta a wani gari na Ingila, daga nan ta wuce kotu. Laifinta satar kaya a kanti, kuma ba karon farko ba ne, don haka alƙali ya yanke mata wata uku. Kafin azahar tana cikin motar fursunoni. Da aka tashi daga makaranta kowane yaro ya bi mai ɗaukarsa, aka bar nata a bakin ƙofa, malamai suna ta kiran wayar da tuni gandiroba ya karɓe. Irin wannan ya sha faruwa a ƙasar, domin babu dokar da ta tilasta wa kotu ta sanar da makaranta cewa an ɗaure uwar ɗalibi. Mu kan ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan har 'yan tsakin da ke cikin sheƙa sai sun jiƙe.

Waɗannan yaran ne Rachel Treweek, bishop ɗin Gloucester ta Cocin Ingila, ta shafe shekaru tana kai kukansu zauren majalisar dattawan Birtaniya. Mai karatu zai iya tambayar abin da ya kai shugaban coci majalisa ba tare da ya tsaya zaɓe ba. Cocin Ingila cocin hukuma ne, sarki ne shugabansa a tsarin mulki, kuma an ware wa bishop-bishop ɗinsa kujeru 26 a majalisar. Biyar na manyan kujerun Canterbury, York, Landan, Durham da Winchester ne, sauran 21 ana hawansu gwargwadon daɗewa a muƙami. Su ke buɗe zama da addu'a, ba su da jam'iyya, suna muhawara suna jefa ƙuri'a kamar kowa. A 2015 aka yi dokar da ta ba mata bishop-bishop damar tsallake layi, kuma a watan Oktoban shekarar Treweek ta zama mace ta farko da ta zauna a bencin bishop-bishop ɗin. Takardar kiran da aka fara aika mata ta kira ta da laƙabin da aka saba, na uba, ta mayar da ita aka gyara. Ƙaramin abu ne, amma ya nuna halinta na kula da wanda takardar hukuma ta manta da shi.

Kafin ta shiga aikin coci, sana'arta taimaka wa yaran da magana ke yi wa wuya. A yankinta kuma akwai Eastwood Park, gidan yarin mata da ake kawo fursunoni har daga Wales, tun da babu kurkukun mata ko ɗaya a can. Ta fara da kula da gidajen yarin mata, sannan a 2020 aka naɗa ta bishop mai kula da gidajen yarin Ingila da Wales baki ɗaya. Muƙamin yana da tushe a doka, domin dokar gidajen yari ta 1952 ta ce kowane kurkuku sai da limamin Cocin Ingila. Yau limaman Musulmi da na sauran addinai suna aiki tare da su a ofis ɗaya, abin da ya zama dole ganin cewa kusan kashi 18 cikin ɗari na fursunonin Musulmi ne, alhali a cikin jama'a ba su kai kashi 7 ba. Ta wannan hanya labarin abin da ke faruwa bayan katanga ke isa kunnen bishop, ita kuma ta shiga da shi majalisa.

Garin nata ma yana da tarihi a wannan harka. Robert Raikes, mai jaridar Gloucester a ƙarni na 18, ya daɗe yana ziyartar kurkukun garin, har ya gane cewa yawancin waɗanda ke ciki tun suna yara aka yi sakaci da su. Daga nan ya fara makarantar Lahadi a 1780, wadda yau ta kai kowane lungu da ke da coci.

Hujjar Treweek a kan mata ta ginu ne a kan lissafi mai sauƙi. Mata kusan kashi 4 cikin ɗari ne kacal na fursunonin ƙasar. Fiye da rabin waɗanda ake ɗaurewa ba sa wuce wata shida, galibi kan laifin da ba na zub da jini ba, kuma fiye da rabinsu sun taɓa shan duka ko cin zarafi a gida. Wata uku ba ya isa a raba mutum da ƙwaya ko a koya masa sana'a, amma ya isa mai gida ya karɓe ɗaki, wurin aiki ya ɗauki wata, hukuma ta raba yara gidajen riƙo. Sai matar ta fito ba muhalli, kuma ba za a mayar mata da 'ya'yanta ba sai tana da muhalli. Wannan ba sabon ganowa ba ne. Rahoton Baroness Corston na 2007, wanda aka yi bayan mata shida sun mutu a kurkukun Styal cikin shekara guda, ya riga ya ba da shawarar a riƙa tura irin waɗannan mata cibiyoyin cikin gari, inda za su yi hukuncinsu suna kwana da 'ya'yansu. An yaba wa rahoton, aka aiwatar da kaɗan daga ciki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ƙasar da ke da alƙaluman komai ta daɗe ba ta san yawan yaran da iyayensu ke kurkuku ba. Shekara da shekaru ana yawo da ƙiyasin yara kusan 17,000 da ɗaurin uwa ke shafa a kowace shekara, ƙiyasi ne kawai. Mata da yawa kuma sukan ɓoye cewa suna da yara, don tsoron kada jami'an jin daɗin jama'a su ƙwace su. A 2019 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na majalisun biyu, ƙarƙashin Harriet Harman, ya fitar da rahoto yana cewa ana take haƙƙin waɗannan yara na zama da iyalinsu.

Da gwamnati ta kawo babban ƙudirin 'yan sanda da hukunta laifuka a 2021, Treweek ta ɗauki shawarwarin kwamitin ta mayar da su gyare-gyare. Abin da ta nema shi ne kada alƙali ya ɗaure wanda yaro ya dogara da shi, uwa ce ko uba, sai ya samu rahoto a kan halin da yaron zai shiga, ya kuma bayyana a hukuncinsa yadda ya auna maslaharsa. Ta nemi a yi haka wajen ba da beli, a kuma fara ƙidayar yaran. Gwamnati ta amsa cewa ƙa'idojin yanke hukunci da hukunce-hukuncen kotun ɗaukaka ƙara sun riga sun tanadi haka. Ita kuwa ta tsaya a kan cewa abin da ke rubuce a littafin jagora daban, abin da ake yi a kotun da ke sauraron ƙararraki da yawa a yini daban. Dokar ta fita a 2022 ba tare da gyare-gyaren ba. Irin haka ta faru a dokar cin zarafi a cikin gida ta 2021: gyaran da ta kawo don kare mata baƙin haure ya ci ƙuri'a a majalisar dattawa, majalisar wakilai ta yi watsi da shi. Dama ƙarfin dattawan bai wuce su gyara ko su jinkirta ba, maganar ƙarshe ta zaɓaɓɓu ce.

Akwai masu cewa wannan son kai ne: mutum biyu su yi laifi ɗaya, a ɗaure marar ɗa, a saki mai ɗa. Ƙorafin yana da nauyi, kuma wanda aka yi wa sata ba ruwansa da yawan 'ya'yan ɓarawo. Sai dai ba a nemi a yafe laifi ba, an nemi alƙali ya san mutum nawa hukuncinsa zai faɗa wa kafin ya furta shi. A wannan fanni Afirka ta riga Birtaniya a rubuce. Sashe na 30 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da walwalar yara ta 1990 ya ce a fara duba hukuncin da ba na ɗauri ba ga masu ciki da masu goyo, kuma a 2007 kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta wajabta wa alƙalai duba maslahar yaro kafin su ɗaure mai renonsa. Ko ana bin wannan a kotunanmu, wanda ya taɓa leƙa sashen mata na gidan yari ya ga goyo a baya shi zai faɗa.

Duk da faɗuwar gyare-gyaren, abubuwa sun motsa, wasu bayan an yi asarar rai. A watan Satumban 2019 wata yarinya 'yar shekara 18 da ke jiran shari'a a kurkukun Bronzefield ta haihu ita kaɗai cikin dare, ta danna ƙararrawa ba wanda ya zo, jaririyar ta mutu. A 2020 wata ta haifi 'ya ba rai a Styal. Daga Afrilun 2024 ƙa'idojin yanke hukunci suka sa ciki da jego cikin dalilan sassauci. A watan Satumban shekarar ministar shari'a ta lokacin, Shabana Mahmood, ta sanar da kafa hukumar da za ta rage yawan matan da ke kurkuku, sannan a Mayun 2025 kwamitin David Gauke ya ba da shawarar a daina ɗaurin ƙasa da shekara guda sai a yanayi na musamman. Ba zan ce bishop ce ta jawo wannan ba. Ƙungiyoyi da ungozomomi da 'yan jarida sun yi nasu, kuma cunkoson da ya kai fursunoni sama da 88,000 a 2024 ya fi kowane wa'azi tsorata gwamnati. Nata shi ne ta hana a rufe maganar, ta dawo da ita duk lokacin da wani ƙudiri ya biyo ta gabanta. Masu neman a soke kujerun bishop-bishop, bisa hujjar cewa coci ɗaya bai cancanci gata a ƙasa mai addinai da yawa ba, suna da gaskiyarsu, kuma aikinta bai amsa musu ba. Ya dai nuna abin da mutum zai iya yi da kujerar da ba ya tsoron rasa ta a zaɓe, tun da kare fursuna ba ya kawo ƙuri'a.

Ƙidayar da ta nema ta fito a watan Yulin 2024. Ma'aikatar shari'a ta haɗa bayanan gidajen yari da na wasu hukumomi, ta ƙiyasta cewa tsakanin Oktoban 2021 da Oktoban 2022 yara 192,912 ne ke da uwa ko uba a kurkuku a Ingila da Wales. Adadi ne na kwamfuta, babu suna babu adireshi, kuma ranar da aka fitar da shi babu wani shugaban makaranta da ya san ko nawa ne daga cikinsu ke zaune a azuzuwansa.