Mayar da Takardar Labarai Saƙon Imel

A ƙaramar hukuma irin Issawane, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, sakataren ƙungiyar manoma zai iya tsara takardar labarai a Word: farashin tiyar gero da ta wake, ranar rigakafin yara, lokacin taron magajin gari. A kan takarda komai ya zauna daram. Matsalar tana fitowa ne ranar da aka ce a aika wa ƴan gari mazauna Yamai da Kano da Agadas ta imel.

Word don takarda aka yi shi, yana auna shafi da santimita. Imel kuwa, wanda tsarin MIME da aka fito da shi a 1992 ya ba shi damar ɗaukar hoto da ado, yau da harshen HTML ake tsara shi, kuma yawancin masu karɓa a salula za su buɗe shi. Idan aka kwafo rubutu kai tsaye daga Word, yakan jawo tarin umarni ɓoyayyu. Sai layuka su karkace, hoto ya hau kan rubutu. Gmail ma yakan datse saƙon da ya haura kilobayit 102.

Don haka a fara tuɓe rubutun. A zuba shi a Notepad ya zama tsura, sannan a kwashe zuwa akwatin imel, a sake yin kanun labarai da kaurara haruffa a can. Shafi mai ginshiƙi biyu ko uku a mayar da shi ginshiƙi ɗaya, faɗinsa kada ya wuce fiksel 600.

Hotuna su ne abin da na fi jin tsoro. Mai karatun da rezo ke zuwar masa yana ɗaukewa, da kuɗin guminsa yake sayen data. A rage nauyin kowane hoto, kuma kada a saka farashi ko ranar taro a cikin hoto kawai, domin in bai buɗe ba, labarin ya tafi.

Sai haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. In ba a zaɓi tsarin UTF-8 ba, sukan rikiɗe su koma alamar tambaya. Kafin a aika wa jama'a, sakatare ya tura wa kansa, ya buɗe a ƙaramar salula, ya karanta daga sama har ƙasa.