Yadda ake sauya wutar tsohuwar Vespa daga kwantak zuwa CDI

A Yelwan Yauri, da garuruwan Shanga da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, har yau akan ci karo da dattijo bisa Vespa, wadda jama'a suka fi sani da Basfa. Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ne ya fara ƙera ta a 1946, ta kuma yi tashe a Arewa cikin shekarun 1970, musamman bayan da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata a 1975. Gangar jikinta ƙarfe ce, injinta kuma yana da juriya. Inda tsufa ya fi kama ta shi ne wajen wuta: wadda ke tayar da inji, da wadda ke haska hanya.

Tsofaffin samfura irin su Super da Sprint ba sa dogara da batir. A gefen injin akwai faifai mai maganaɗisu da ke juyawa kewaye da wasu koyil, shi ne ke haifar da lantarki. A ciki akwai ƙananan ƙarafa biyu da ake kira kwantak, waɗanda ke buɗewa sau ɗaya a kowane zagaye. Da sun buɗe sai koyil ya tura dubban bolt zuwa fulogi, tartsatsi ya tashi, fetur ya kama. Ratar da ake so tsakaninsu ba ta wuce milimita 0.3 zuwa 0.5 ba.

Matsalar ita ce abin da ke goguwa dole ya cinye. Ƙurar hunturu tana shiga ta goge ƙafar kwantak, danshin bakin tafkin Kainji yana sa masa tsatsa, idan kuma kwandansa ya mutu sai bakinsa ya ƙone. Ratar na canzawa, lokacin tashin tartsatsi ya goce. Daga nan mai babur zai yi ta buga kik da safe har gumi ya keto masa, fetur kuma ya riƙa tafiya a banza, a wannan zamani da tsadarsa ta addabi kowa tun cire tallafi a 2023.

Tsarin CDI ya kawar da gugar baki ɗaya. Koyil ɗaya yana cika wata 'yar ma'ajiyar lantarki, wani ƙaramin koyil kuma yana jin wucewar faifan, ya ba da umarnin a saki wutar. Babu abin da ke taɓa wani, don haka saiti ba ya gocewa. Piaggio da kansa ya fara sa wutar lantarki irin ta zamani a Rally 200 tun 1972, sannan ta bazu a samfuran PX. Makanikan injin kwalekwale na Yauri ba baƙi ba ne ga wannan tsari, domin shi ne a yawancin injinan da ke ratsa tafkin yanzu.

Aikin yana buƙatar sabon faifai, da farantin koyil, da akwatin CDI, da regileta mai bolt 12. Akan samu na PX, ko na LML da aka riƙa ƙerawa a Indiya a da bisa fasalin PX. A nan ne tarko na farko yake: bakin sandar injin da faifan ke zama a kai ya fi siranta a tsofaffin samfura. Faifan PX ba zai zauna daidai a kan Sprint ba, sai an sayi wanda aka yi domin ta, ko a sauya sandar. Wanda ya tilasta shi da guduma zai yi asarar duka biyun.

Tarko na biyu, wanda ya fi haɗari, shi ne saitin lokacin wuta. PX 150 mai CDI tana son tartsatsi a digiri 18 kafin fistin ya kai ƙololuwa, ita kuwa mai 200 digiri 23. Idan wutar ta yi gaba fiye da kima, babur zai yi kamar ya ƙara ƙarfi, amma injin zai ɗau zafi har fistin ya huje ko ya cije, galibi a doguwar tafiya irin ta Yauri zuwa Koko ko Kontagora. Ba aikin kunne ba ne. Da fitilar saiti ake dubawa, injin yana aiki.

Ribar da ta fi muhimmanci, a ganina, tana ga fitila. Tsohon tsari mai bolt 6 ba shi da regileta: a hankali haske kamar na aci-balbal, da gudu kuma ƙwai ya ƙone, a titin da tireloli ke bi dare da rana. Da bolt 12 ana iya sa ƙwai mai wat 35. Sai dai dole a sauya dukkan ƙwayayen da hon, a kuma duba makunnin fitilar birki, domin na da yakan yi aiki ne a juye, ya bar fitilar a kunne sai an taka birki ta mutu. Mai son ƙwan LED ko cajin wayar salula yana buƙatar regileta mai cajin batir. Wayoyin da suka shekara hamsin kuwa robarsu ta bushe, gara a zare su a ja sababbi.

CDI yana da nasa aibin. Kwantak yakan ba da alama kafin ya gaza, kuma da 'yar sanfefa ana iya lallaɓa shi a gefen hanya. CDI mutuwar farat ɗaya yake yi, ba ya gyaruwa, ga shi jabu sun yawaita a kasuwa. Mai shiga ƙauyukan bakin ruwa ya ajiye guda na ko-ta-kwana da fulogi a akwatin kayan aiki.