A rubuta haɗarin wurin aiki tun rauni yana ɗanye

A cikin rangadin da muke yi na makarantun yaƙi da jahilci, mun tarar da wani saurayi yana koyon riƙe alƙalami da hannun hagu. Da muka tambaye shi dalili, sai ya nuna mana hannun dama: yatsu biyu babu. Injin niƙa ne ya cinye su. Ubangidansa ya biya kuɗin ɗinki da na allura, ya ba shi haƙuri, magana ta ƙare. Ba a rubuta kome ba, ba a sanar da kowa ba. Yau ba ya iya aikin ƙarfi kamar da, kuma ba shi da takarda ko ɗaya da za ta tsaya masa.

Irin wannan ba sabon abu ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara saboda aikinsu. Mafi yawansu ciwo ne da aikin ya jawo musu sannu a hankali yake kashe su.

Abin da doka ta tanada

A Nijar muna da dokar ƙwadago ta ranar 25 ga Satumba 2012. Muna kuma da asusun kula da ma'aikata, CNSS, wanda jama'a ke kira Kes. Wajibi ne mai ma'aikata ya rubuta sunan ma'aikatansa a can. Kuɗin da ake zubawa domin haɗarin aiki shi kaɗai ke biyan su, ba a cire su daga albashin ma'aikaci.

Idan haɗari ya auku, ma'aikaci ya sanar da ubangidansa nan take. Shi kuma ubangida yana da awa 48 domin ya kai rahoto ga Kes da masu binciken sha'anin ƙwadago. Haɗarin da ya sami mutum bisa hanyarsa ta zuwa aiki ko ta komawa gida, shi ma haɗarin aiki ne. Idan ubangida ya ƙi kai rahoto, wanda ya ji ciwon ko iyalinsa suna iya zuwa su kai da kansu.

Idan Kes ta amince da rahoton, ita ke ɗaukar nauyin magani. Muddin mutum yana kwance, ana ba shi rabin kuɗin yininsa har kwana 28, daga kwana na 29 kuma kashi 2 cikin 3. Wanda ya naƙasa ana ba shi diyya gwargwadon naƙasarsa. In an yi rashi, matar mamaci da marayunsa ke karɓa.

Me za a rubuta?

Kaye ɗaya da alƙalami sun isa. A rubuta sunan wanda ya ji ciwo, da rana, da lokaci, da wurin. A faɗi aikin da yake yi sa'ad da abin ya faru, da gaɓar da ta ji rauni, da sunayen shaidu, da gidan likitan da aka kai shi. Takardar da likita ya bayar a adana ta kamar takardar gona.

Kada a raina ƙaramin rauni. Ƙusa ta soki ƙafa yau, bayan ƴan kwanaki ta zama sarƙewar haƙora. Ƙurar dutse kuwa tana shekaru cikin huhu kafin tari ya bayyana. Mai feshin maganin ƙwari a garkar albasa shi ma ya rubuta sunan maganin da ranar da ya ji jiri ko amai, ya tafi da takardar kwalbar wurin likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Amfanin ubangida

Wasu iyayen gida suna tsoron rubutu, suna ganin kamar tona wa kai asiri ne. To, su sake tunani. Kaye ne zai nuna musu cewa bel ɗin inji guda ya kama mutum uku cikin shekara, su sa masa murfi tun bai kama na huɗu ba. Rigakafi ya fi magani. Kuma ranar gardama, takarda tana kare mai gaskiya, ubangida ne ko yaronsa.

Mun sani da yawa cikin masu karatunmu ba a rubuce suke a Kes ba: ƴan ƙwadagon gona, da yaran gareji, da leburorin gini. Su ma rubutu yana amfanar su gaban likita ko gaban masu sulhu. Wanda yake aikin albashi kuwa, ya tambayi lambarsa ta Kes tun yana da lafiya, ya rubuta ta, ya nuna wa iyalinsa inda ya ajiye.

Allah ya kiyaye mu da mugun tsautsayi, amin.